Kifin Ado a Kwalba: Gaskiya da Ƙaryar Saƙon da Ke Yawo

Wani saƙo na ta zagaye a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da abokan arziki. Ya jera "sirrika huɗu" na kiwon kifin ado a gida, sannan ya rufe da lambar wayar mai sayar da 'yan tulunan gilashi. Wannan kaɗai ya isa a gane inda aka dosa.

Bari mu fara sallamar ƙananan. Cewa kifin zinare yana manta komai bayan daƙiƙa uku, tatsuniya ce: an horar da shi a gwaje-gwaje ya gane alamar abinci, kuma ya riƙe ta tsawon watanni. Cewa duk ruwa ruwa ne, kuskure ne, domin ruwan famfon da aka sa wa kulorin yana kashe kifi. Cewa yawan abinci na halaka kifi, wannan gaskiya ce, ita kaɗai marubucin ya dace.

Mai illar ita ce ta huɗu: wai kifi yana girma ne daidai da mazubinsa, don haka ko a kwalba aka sa shi zai daidaita jikinsa ya zauna lafiya. Ba na ganin laifin wanda ya yarda, domin idonsa ya shaida masa. Ya ga kifi ya shekara a tulu bai wuce tsawon yatsa ba. Tabbas girman ya tsaya, amma me ya tsayar da shi?

Kifi yana fitar da amoniya cikin ruwan da yake shaƙa, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ruɓewa su ƙara. Amoniya guba ce. A tanki mai matata, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sukan mayar da ita naitarait, sannan naitaret, wadda illarta ba ta kai ba, ana kuma rage ta da canjin ruwa. Kafin ƙwayoyin nan su kafu akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Tulun lita biyar ba shi da matata, ba shi da yalwar ruwan da zai tsarma gubar. Kifin da ke ciki a wahale yake dare da rana, wahalar ce ke tauye shi. Duk mai kiwon tarwaɗa ya san haka: in ka cunkusa su a ƙaramin kududdufi za su tsumbure, kuma ba wanda zai kira wannan ƙoshin lafiya.

Akwai masu cewa kayan cikin kifin suna ci gaba da girma alhali jiki ya tsaya. Hujjar wannan ba ta da ƙarfi, ba ma buƙatarta. Abin da ya tabbata ya wadatar. Kifin zinare na gama-gari yana kai santimita 30, yana kuma iya wuce shekara goma a raye. Wani kifin zinare mai suna Tish a Ingila ya mutu a 1999 yana da shekara 43. A 2021 hukumomin garin Burnsville a jihar Minnesota ta Amurka sun nuna hotunan jibga-jibgan kifayen zinare da aka kamo a wani tafki, suka roƙi mutane su daina sakin na gidajensu a ciki. Birnin Rum na Italiya kuwa tun 2005 ya hana ajiye kifi a irin waɗannan tulunan.

A wajenmu ma abin ya fi tsanani. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: a ma'aunin zafi digiri 20 na Selshiyus lita ɗaya na ɗaukar kusan miligiram 9, a 30 kuwa bakwai da rabi ne. Zafi kuma yana ƙara wa amoniya dafi. Ɗan ruwa yana saurin ɗaukar zafin bazara, ga shi in an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya. Tulu mai ƙaramin baki ya fi muni, tunda ta saman ruwa iska ke shiga. Shi ya sa tanki mai tsawo da faɗi ya fi dogo siriri, kuma babba ya fi ƙarami sauƙin kulawa, akasin abin da masu talla ke faɗa.

Lissafin girman tanki ba wuya. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Tanki mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, jarka biyu da ɗoriya. Masu kiwo da dama suna ba kifin zinare mai kumburarren ciki kusan lita 75, su ƙara 40 ga kowane ƙari. Siririn kifin zinare na gama-gari kuwa kududdufi ya fi dacewa da shi. Kifin betta guda yana son kamar lita 20. Ka tuna kowace lita kilo ɗaya ce, sai a samu teburi mai ƙwari. Tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce: "Malam, in ya gama girma, ina zai kai?" Da amsar ake sayen tanki.

Wanda ya riga ya saya wa yara tulu, kada ya karaya. A rage abinci, a riƙa canza wani kaso na ruwan a kai a kai da wanda ba kulorin, a kawar da tulun daga rana, har a samu babban mazubi. Ko sabuwar robar wanka mai faɗi ta fi. In aljihu bai kai tankin lita 75 ba, 'yan kifin gofi kaɗan za su ji daɗi a lita 40. Shi kuwa mai saƙon, ya sayar da tulunansa don zuba furanni, ya bar yi wa mutane fatawa a kan rai mai numfashi.