Yadda za ka ɗaura wa kwalekwalenka jarkoki don kada ya nutse

Idan gonarka tana tsallaken kogi, kamar yadda take ga manoma da yawa a Yawuri da bakin Binuwai, to kwalekwale shi ne jakinka. Da damina kuwa ruwa kan cika, igiyar ruwa ɗaya ta isa ta cika jirgi. Katako shi kaɗai yakan yi ta shawagi ko ya sha ruwa, amma nauyin inji da kaya ne ke jansa ƙasa. Maganin da masunta suka sani tun zamanin gora shi ne iskar da aka kulle. Yau jarka ce ke wannan aikin.

Me za ka zaɓa?

Nemi jarkar man girki mai lita 25, mai kauri, da murfinta na asali. Ka rufe ta, ka danna ta cikin ruwa, ka matsa. In ka ga kumfa na fita, ajiye ta gefe. Wadda rana ta cinye har ta fara fari ma ba ta da amfani, tsagewa za ta yi.

Kada ka sa soson katifa, shan ruwa yake ya ƙara maka nauyi. Farin abin nan mara nauyi da ke zuwa cikin kwalin firji yana tasowa sosai, sai dai fetur na narkar da shi, kuma yana marmashewa. In shi ka samu, ka naɗe shi da leda mai kauri, ka nisanta shi da tankin mai. Mazubin maganin feshi kuwa kada ma ka fara, guba za ka zuba wa kifi da masu shan ruwan.

Guda nawa?

Lissafin mai sauƙi ne: kowace lita ɗaya ta iska tana ɗaukar kilo ɗaya. Jarka ɗaya ke nan tana riƙe kusan kilo 24, in an cire nauyinta. Injin da ya kai kilo 70 yana buƙatar jarka uku. Ka ƙara ɗaya ga kowane mutum biyu da za su riƙe jirgin suna cikin ruwa. Buhunan shinkafa ba sa cikin wannan lissafi. In ruwa ya shigo, a tura su kogi, rai ya fi kaya.

Ina za a ɗaura, kuma yaya?

Nan ne mutane ke kuskure. Jarkar da aka jefa cikin jirgi haka kawai, ita ce za ta fara tafiyarta ta bar ka. Wadda aka shimfiɗa a ƙasan jirgi kuma tana iya kifar da shi idan ya cika. Ka jera su ta gefe biyu daidai wa daida, can sama ƙarƙashin wurin zama, da gaba, da baya kusa da inji inda nauyi ya fi yawa.

Ka tuna idan ruwa ya cika, sama jarka za ta yi ta turawa da ƙarfi. Benci mai ƙusa biyu ɓallewa zai yi. Ka sa kafinta ya ƙarfafa shi, ka zagaye cikin jarkar da igiyar nailan sau biyu, ka ɗaure a jikin katakon jirgin. Ɗaurin hannun jarka kaɗai bai isa ba.

Ku gwada kafin ruwa ya cika

Ku haɗu a ƙungiya, ku kai jirgin inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ku cire inji, ku ɗaura duwatsu masu nauyinsa a wurinsa, ku cika jirgin da ruwa. In ya karkata ko bayansa ya nutse, a ƙara jarka a wannan ɓangaren. Kowace shekara a sake duba murafe da igiyoyi.

Wannan duk bai maye gurbin rigar kariya ba, kuma ba izinin lodin wuce kima ba ne. Allah Ya tsare hanya.