Ko ka sani? Akwai famfon da ɗigo ne lafiyarsa

Kusan duk injin da ke jan ruwa da fanka yana da kafa guda da ba ta toshuwa. Fankar tana cikin tukunyar ruwa, injin da ke juya ta yana waje, sandar ƙarfe ce ta ratsa bango ta haɗa su. A nan inda ta ratsa ake so sanda ta yi ta juyawa, ruwa bai fita ba, iska ba ta shiga ba. Ƙaramin injin fetur irin Honda da ake gani a garake yakan juya sandar nan har sau 3,600 a minti ɗaya.

A kwarin Tarka, daga Karofane ta ƙasar Buza har fadamun Madawa, da irin waɗannan injina albasa ke shan ruwa, tun bayan da aikin raya kwarin, wanda aka soma a ƙarshen shekarun 1980 da kuɗin Turai, ya yaɗa rijiyoyin bututu. Abin da ke tsare kafar a cikinsu zobba biyu ne masu sulɓi. Ɗaya farin tangaran ne, ɗaya baƙin kabon; ɗaya a kafe, ɗaya yana juyawa da sanda, sifirin yana danna su fuska da fuska. Sai dai ba su gogar juna kai tsaye. Wani ɗan ruwa ne ke kwanciya tsakaninsu, wanda silin gashi ya fi shi kauri sau 50 ko fiye, shi ne man shafawarsu, shi ne kuma mai sanyaya su.

Shi ya sa mai ta da inji bai cika tukunya da ruwa ba yake yi wa kansa ɓarna. Cikin ɗan lokaci zobban sun yi zafi, robar da ke riƙe su ta ƙone. In kuma ya farga ya kwara ruwan sanyi a kan tangaran mai zafi, sai ya tsage. Da bazara abin ya fi yawa. Irin wannan inji ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, don haka in ruwa ya yi ƙasa sai ka ga an haƙa rami an saukar da shi ciki, amma duk da haka yakan riƙa haɗiyar iska, mai garka yana can ƙarshen fangali bai sani ba. Abokin gaba na biyu rairayi ne, daga sabuwar rijiya ko matatar da ta yage. A wajen Keita kuwa, inda aikin da Italiya ta tallafa tun 1984 ya bar madatsun ruwa, laka ce ke karce fuskar zobba. Akwai zobban silikon kabaid da suka fi jure wa ƙasa, sai dai da tsada.

Alamar mutuwar zobban ba ta ɓuya: ɗigo daga tsakanin tukunya da inji, ko inji ya yi ta kuka ya ƙi kama ruwa. Ba a ɗinke su, sai canji, kuma duka biyun tare. Makanikin kirki ba ya dangwala yatsa mai baƙin mai a fuskarsu, da ruwan sabulu yake sulɓe robar, ya tura da hannu, ba ya kusanto da guduma.

Wasu manyan famfuna na tashoshin ban ruwa da gidajen ruwa kuma tsarinsu dabam ne. Igiya ce saƙaƙƙiya mai maiƙo, wadda aka cuɗa da garafayit, ake yankawa zobe-zobe a cusa kewaye da sanda, a goce bakin kowane zobe daga na ɗan'uwansa, a danne da murfi mai noti biyu. Wannan dole ta ɗiga. Yawancin masu ƙera ta kan ce a bar ɗigo 40 zuwa 60 a minti, gwargwadon kaurin sanda. Sabon yaron aiki da ya ga ruwa yana tsiyaya sai ya ɗauko sifana ya ɗaure tam, yana ganin ya yi gwaninta. Kafin a jima wurin ya fara hayaƙi, igiya ta ƙone, ta ci sanda ta yi mata wuya.

Ana yi wa igiyar nan kallon tsohon yayi, ni kuwa ban ga laifinta ba a inda kayan gyara ke da nisa. Tana jure ruwa mai ƙasa, ana canza ta ba tare da an wargaza famfo ba, kuma ba ta mutuwa farat ɗaya: ɗigo ne zai riƙa ƙaruwa, a ɗan juya noti kaɗan, kowane ɓangare daidai da ɗan'uwansa, a dakata kamar minti 10 a ga yadda ya koma. Ranar da murfi ya kai ƙarshe ɗigo bai ragu ba, a zare tsohuwar igiyar gaba ɗaya a sa sabuwa, kada a ɗora zobe guda a kan busasshiya.