Al-Ula da Mada'inu Salihu: Dalilan Buɗe Su ga Baƙi da Abin da Ya Biyo Baya

A arewa maso yammacin ƙasar Saudiyya, tafiyar kimanin kilomita 300 arewa da Madinatul Munawwara, akwai wani kwari mai yalwar dabino da lemo a tsakanin jajayen duwatsu, ana ce da shi Al-Ula, kuma kimanin kilomita 20 gaba da shi Hijiru yake, wato Mada'inu Salihu, wanda da shi aka yi wa sura ta 15 a Alƙur'ani mai girma suna. Wannan wuri ya daɗe ba mai zuwa gare shi sai ɗaiɗaikun masu bincike, amma a 'yan shekarun nan hukuma ta mayar da shi babbar matattarar masu yawon buɗe ido, har ya kamata mai hankali ya tsaya ya duba mene ne sanadin wannan canji, kuma me ya haifar.

Asalin darajar kwarin ruwa ne da hanya. Da yake fataken da ke ɗauko lubban da sauran kayan ƙamshi daga Yaman zuwa Sham ba su da makawa sai sun yada zango inda rijiyoyi suke, sai mulkin Dadan da na Lihyan suka kafu a nan tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, daga bisani kuma Nabatawa, masu babban birni a Batra ta ƙasar Urdun, suka sassaƙa manyan kaburbura 111 a jikin duwatsun Hijiru, 94 daga ciki da ado a fuskokinsu, kafin Rumawa su ci ƙasarsu a shekara ta 106 bayan haihuwar Annabi Isa. Bayan bayyanar Musulunci hanyar ta zama ta alhazan Sham, ita Ibn Baɗɗuɗa ya bi a 1326, kuma ta nan Turkawa suka shimfiɗa dogon Hijaz wanda ya isa Madina a 1908.

To, abin da ya sa wuri mai irin wannan tarihi ya zauna shiru sananne ne ga ma'abota ilmi. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa sa'ad da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya biyo ta Hijiru a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, ya rufe kansa, ya hanzarta, ya hana sahabbai shiga gidajen Samudawa, mutanen Annabi Salihu waɗanda aka halaka, sai dai suna masu kuka, ya kuma yi umarni a zubar da ruwan da suka ɗiba, face na rijiyar da taguwar Annabi Salihu take sha. Saboda haka malaman ƙasar suka daɗe suna tsoratar da jama'a.

Dalilan buɗewa kuwa, mafi ƙarfinsu tattalin arziki ne, domin mahukunta sun gane cewa ƙasar da ta jingina rayuwarta ga man fetur kaɗai, alhali farashinsa yau hawa gobe sauka, tana cikin hatsari, shi ya sa a 2016 suka fito da shirin da suka yi wa wa'adi da shekarar 2030, suka kafa hukuma ta musamman domin Al-Ula a 2017, suka ƙulla yarjejeniya da Faransa a 2018, sa'an nan a watan Satumba na 2019 suka fara ba da bizar yawon buɗe ido. Tun kafin haka, a 2008, hukumar UNESCO ta sanya Hijiru cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko da ya sami wannan matsayi a Saudiyya. Ƙari a kan wannan, mutanen manyan birane sun gaji da cunkoso, suna begen sarari da sanyin hunturun sahara, hoton kabarin Ƙasrul Faridi kuma, wanda yake tsaye shi kaɗai cikin rairayi, ya yi ta yawo a wayoyin hannu yana kiran baƙi ba da ladan talla ba.

Alfanun abin ba ya ɓuya. Tsohon garin Al-Ula, mai gidajen ƙasa wajen 900, wanda mutanensa suka ƙaurace masa a shekarun 1980, an farfaɗo da shi, kasuwarsa tana ci. Samari da 'yan mata na garin sun sami aikin yi wa baƙi jagora da ba su labari, an kuma tura waɗansu karatu ƙasashen waje. Masana suna haƙa suna karanta ɗaruruwan rubuce-rubucen da ke jikin Dutsen Ikma, waɗanda ke haskaka tarihin harsunan Jazirar Larabawa. Sunan garin ma ya shiga siyasa, tun da a cikinsa ne shugabannin ƙasashen Tekun Fasha suka yi sulhu da Ƙatar a watan Janairu na 2021.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Hukuma tana burin baƙi miliyan 2 a kowace shekara zuwa 2035, ga shi kuwa ruwan kwarin na ƙarƙashin ƙasa ne, sama ba ta mayar da shi sai kaɗan kaɗan, don haka duk abin da masaukai suka sha, daga rabon manomin dabino aka rage shi. Dutsen kaburburan mai taushi ne, yawan hannu da ƙafa na cinye shi. Mafi yawan masaukan kuma na mawadata ne, abin da kan jawo tsadar rayuwa ga talakan gari. Mafi nauyi duka shi ne sha'anin addini, domin bukukuwan kaɗe-kaɗe da ake yi a yankin tun daga ƙarshen 2018 sun dami zukatan Musulmi da yawa. Gaskiya ne masu bincike sun nuna cewa rubutun da ke kan kaburburan na Nabatawa ne, waɗanda suka zo can bayan Samudawa, amma wannan bai ɗauke ladabin da Sunna ta koyar game da ƙasar wurin ba.

A ganina, hanyar adalci ita ce a rarrabe tsakanin garin Al-Ula, wanda Musulmi suka zauna cikinsa ƙarnoni suna noma suna salla, da Hijiru, wanda haƙƙinsa shi ne a shige shi da natsuwa da tsoron Allah. Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata, saboda haka alhajinmu da ya je Madina ya yi sha'awar ƙarasawa, ya fara tambayar malaminsa, ya tafi da niyyar ɗaukar izina. Mahukunta kuwa, wajibi ne su auna yawan baƙi da gwargwadon ruwa, su sa mutanen gari a gaba wajen cin moriya, domin amana ce aka ɗora musu, kuma za a tambaye su yadda suka riƙe ta.