Motar gida na ƙin shiga giya da sanyin asuba? Ga abin da za ki lura da shi

Uwargida, in kina Bagudo, Kaoje, Illo ko Lolo, kin san sanyin bakin kogin Kwara a Disamba da Janairu ba wasa ba ne. A lokacin ne motar gida mai giyar otomatik ke nuna halinta. A tada ta da asuba, a saka D, ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, sai an jima ta zabura. Rana na ɗagawa ta koma lafiya lau, maigida ya ce ai sanyi ne kawai.

Za ki ce ina ruwan mace da giyar mota? Da ruwanki, 'yar'uwa. Naƙuda da jijjigar yara ba sa jiran hantsi, kuma da yawa daga waɗanda muke karɓa a asibiti cikin dare ko da asuba ake kawo su. In aka ce a wuce da mai jinya Birnin Kebbi, wannan motar ce za ta ɗauke ta. Ga shi otomatik ba a tura ta ta tashi kamar mai kuloci.

Me ya haɗa sanyi da giya?

Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki, kamar yadda jiki ke aiki da jini. Da sanyi man yakan yi kauri ya kuma ɗan tsuke, robobin da ke riƙe shi su ƙage. Lafiyayyar giya ba ta damuwa da wannan. Wadda manta ya ragu ko ya tsufa, ko matatarta ta toshe, ita ce sanyi ke tona wa asiri. Motocinmu da yawa 'yan Kwatano ne, wasu sun shigo tun kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, kuma ba wanda ya san rabon da a canza musu man giya.

Ki ɗauki tarihin ciwon

Mu kafin magani tambaya muke yi. Ke ma ki lura kwana uku a jere:

Daƙiƙa nawa take ɗauka kafin ta kama D ko ribas? Ɗaya zuwa biyu ba komai. In ta haura uku kullum, akwai magana.

In an taka totur, inji na ihu amma mota ba ta ja? Giya na zamewa ke nan, kada a bari ya daɗe.

Tana canza giya da bugu, ko jinkiri kawai take yi? Wasu motocin, kamar Toyota, da gangan suke ƙin hawa giyar ƙarshe sai inji ya ɗumi. In ta daidaita bayan 'yan mintuna, ba ciwo ba ne.

Akwai jan ɗigo a ƙasa inda ta kwana? Mai yiwuwa yoyon man giya ne.

A duba man

A ajiye mota a wuri mai daidai bayan ta ɗumi. Yawancin Toyota ana duba su inji na aiki, giya a P. Honda kuwa sai an kashe inji a duba nan take. A goga sandar awo a farin ƙyalle. Ja mai haske lafiya ne. Baƙi mai ƙauri ya ƙone. In ya yi kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, ko daga lagireto ko daga ratsa ambaliyar damina, kuma wannan a ajiye motar sai bakanike ya gani. Wasu sababbin motoci ba su da sandar, sai a gareji.

Kada a yarda da "duk man giya ɗaya ne". Wata Toyota T-IV take sha, wata WS, Honda kuma DW-1. Sau da yawa an rubuta a jikin sandar ko a littafin motar.

Tambayi bakanike wannan

Ku tambaye shi ko an cire tamostat ɗin injin. Al'ada ce a garejinmu a cire shi wai ƙasarmu da zafi. Da hunturu sai inji ya kasa ɗumi, kwamfutar mota ta riƙe giya a ƙasa, mai ya yi ta ƙonewa a banza. In allurar zafi ba ta kai tsakiya ba bayan doguwar tafiya, a fara da nan. Sannan a sa kwamfutar bincike kafin kowa ya ce a sauke giya, don sau da yawa mai ne, ko matata, ko wata 'yar na'ura mai araha. A kwanar da motar a garejin, ya tada ta da kansa da safe, tunda da rana ciwon ɓuya yake yi.

Kafin a gyara, a bar inji ya yi minti biyu, a taka birki a saka D, a jira ta kama sannan a tafi a hankali. Kada a yi ta danna totur don ta shiga dole.

In akwai mai ciki wata takwas a gidan, a kai motar wannan makon, a kuma ajiye lambar wani direba a wayarki. Allah Ya sauke kowa lafiya.