Zaurancen Kwamfuta: Yadda Masu Gyaran Wasanni Ke Kare Guminsu

A Rido, kusa da matatar man fetur ta Kaduna, kamar sauran unguwannin birnin, samari da yawa sun san wasan ƙwallon ƙafa na kwamfuta ciki da waje. Sau da yawa wasan da suke bugawa ba yadda kamfani ya fitar da shi yake ba. Wani mai basira ne ya zauna ya sauya rigunan 'yan wasa, ya ƙara sababbin ƙungiyoyi. Irin wannan gyara shi Turawa ke kira "mod".

Gyaran wasa ba ƙaramin abu ba ne. Shahararren wasan nan Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin gyaran da Minh Le da Jess Cliffe suka yi wa wasan Half-Life, kafin kamfanin Valve ya saye shi. To amma mai gyara yakan shafe watanni yana aiki, wani ya kwafe cikin minti guda, ya goge sunansa, ya sayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan ciwo ne masu shirya finafinan Hausa suka sha a hannun masu satar kaset da faifai.

Hanyar kariya ta farko ita ce rikita rubutu. Ɗalibi ya tuna da zaurance, inda ake juya gaɓoɓin kalma, "Kano" ta koma "Noka". Haka ake yi wa umarnin da ke cikin manhaja: a cire sunaye masu ma'ana a sa haruffa barkatai, a cusa layukan da ba su aikin komai. Kwamfuta ba ta damu ba, za ta bi umarnin daidai, mutum ne kansa zai ɗaure. Sai dai mai haƙuri yakan gano zaurance idan ya daɗe yana saurare.

Hanya ta biyu ita ce kullewa da lissafi. A nan ana juya bayanin gaba ɗaya ta amfani da wata lamba ta sirri, wato mabuɗi. Mafi sauƙin misali shi ne a musanya kowane harafi da wani. Tun ƙarni na 9 masanin Bagadaza, Al-Kindi, ya nuna yadda ake karya wannan ta ƙirga haruffa. Alal misali, a rubutun Hausa harafin "a" ya fi kowane yawa, saboda haka alamar da ta fi maimaituwa a saƙon sirri kusan ita ce "a". Makullin zamani irin su AES, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, sun fi ƙarfin wannan dabara nesa ba kusa ba.

To, me ya sa har yanzu ake satar? Dalili shi ne, kafin wasa ya tashi dole na'urar ɗan wasa ta buɗe fayil ɗin, don haka mabuɗin yana cikin na'urar. An kulle ɗaki ke nan, an rataye mabuɗi a bayan ƙofa. Haka aka yi da faifan DVD: a 1999 wani yaro ɗan Norwe mai shekara 15, Jon Johansen, da abokan aikinsa suka fitar da manhajar da ke buɗe makullinsa. Kariyar Denuvo, wadda aka sa wa wasan FIFA 15 a 2014, ita ma daga baya an karya ta.

Saboda haka amfanin makulli shi ne ya jinkirta ɓarawo. Sauran aikin na doka ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta haramta karya irin waɗannan makullai. Amma mai gyara ya sani cewa ainihin wasan na kamfani ne, kuma sharuɗɗan kamfanin ne ke faɗin iyakar abin da zai iya sayarwa.

Malamai na iya gwada wannan a aji: ɗalibi ya rubuta saƙo da musanyar haruffa, sauran su ƙirga haruffan su buɗe shi.