Halin Kada A Bakin Ruwa

'Yan'uwa, da yawa cikinmu rafi ne wurin ɗebo ruwanmu, nan muke wanki, nan muke shayar da dabbobi. Yana da kyau mu san halin wanda muke tarayya da shi a ruwan nan, wato kada.

Kada yana zama a manyan koguna kamar Binuwai da Kwara, da tafkuna, da fadamu. A gandun dajin Yankari ma akan gan shi a kogin Gaji. An ce sunan garin Kaduna daga kadoji ya samo asali. A shekarar 2011 binciken masana ya nuna kadan Afirka ta Yamma jinsi ne dabam da kadan kogin Nilu. Namu bai kai wancan girma ko faɗa ba, amma kowanne yana iya kama yaro ko akuya.

Idanunsa da hancinsa a saman kai suke, don haka yakan nutsar da jikinsa duka yana kallonka, kai kuwa itace kake tsammani. Yana kuma lura da al'adar mutum. In kullum wuri ɗaya kike tsugunawa da almuru, ya riga ya sani, can zai jira ki. A bakin gaɓa ya fi kamu, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Da rani macen takan binne ƙwai cikin yashi, ta yi gadinsu kusan wata uku. Wanda ya ɗauki ɗan kada, kukansa zai kira uwar. Da damina kuwa ambaliya takan kai shi kududdufin da ba a taɓa ganinsa ba.

Saboda haka a guji rafi da asuba, da almuru, da dare. A ɗebi ruwa da guga mai doguwar igiya, a koma nesa da gaɓa a yi wankin. Ƙauye yana iya kafa shingen itatuwa cikin ruwa a mashaya. Kada a zubar da hanjin kifi a wurin, gayyata ce. Dattawan ikilisiya su ma su tambayi masunta kafin su zaɓi wurin baftisma.

In ya kama mutum, a doki idanunsa da ƙarfi, yakan saki. A kai wanda aka ciza asibiti ran nan, ko da ciwon ƙarami ne, gama bakin kada cike yake da ƙwayoyin cuta.