Kafin ki kai tallanki gidan rediyo, duba ɗakin da za ki ɗauki murya

Kwanakin baya wata hajiya mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Rumbu, cikin ƙasar Dakoro, ta aiko mana da tallanta ta salula domin mu sa a shirin safe. Ta biya kuɗin sanarwa, ta kuma sallami yaron da ya ɗaukar mata muryar. Da muka kunna, abin da ya cika mana kunne shi ne injin niƙa da kukan jaki, ga iska tana bugun wayar kamar ana kakkaɓe tabarma. Ko sunan kayan bai fito ba, balle inda rumfarta take. Dole muka ce ta sake, kasuwar wannan mako kuwa ta riga ta wuce ta.

Da na kira ta sai ta ce: "Ɗana, ai na san ƙaramar waya ce, sai na sayi babba." Na ce mata: Hajiya, riƙe kuɗinki, laifin ba na waya ba ne.

Ga dalilina. A shekarar 2020 wani kamfanin waƙa na Amurka mai suna Sahel Sounds ya riƙa fitar da waƙoƙi wata-wata, waɗanda mawaƙan yankinmu suka ɗauka da salula suka aika ta WhatsApp, kuma ƙungiyar Etran de l'Aïr ta Agadas ce ta buɗe jerin. Mutane a Turai da Amurka suka sa kuɗi suka saya. Idan waya ta iya ɗaukar gita da ganga har aka saye su a ƙetare, tallan man gyaɗa ba zai gagare ta ba.

Babban abin dubawa shi ne ɗaki. Mutanenmu sukan ɗauka ɗakin siminti mai rufin kwano ya fi dacewa don ya fi kyan gani, alhali shi ne mafi muni. Murya takan bugi bango mai santsi ta dawo cikin waya, sai a ji kamar daga rijiya ake magana. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, wanda ke da katifa da labule da kayan sawa a rataye, shi ne ke shanye amsa-kuwwar. Ke mai sayar da atamfa, kin fi kowa sa'a, don shagon da ke cike da turamen zane har sama ya fi wasu wuraren ɗaukar murya da na taɓa shiga da sunan sutudiyo. In babu, rataya bargo biyu a kusurwar ɗaki, ki zauna ki fuskance su. Mu kanmu 'yan rediyo, in aiki ya kama mu a ƙauye, lulluɓa muke da bargo mu karanta rahoto, gumi na zuba.

Sai lokaci. Bayan sallar asuba kafin a tayar da injin niƙa, ko da dare in gari ya yi tsit. A kashe fanka, a sa waya a kan alamar jirgin sama don kada kira ya shigo ya katse aiki.

Tsakanin baki da waya a bar taƙi guda, kuma a ɗan karkata ta gefe, domin iskar harufa irin su "b" da "f" kada ta doki ramin makirufo kai tsaye. Ramin yana ƙasan wayar, wajen da ake sa caji, mutane da yawa kuwa da yatsa suke toshe shi ba su sani ba. Lokacin hunturu, safa mai tsabta da aka sa wa gindin waya tana rage bugun iska. Kuma don Allah a daina ihu. Kiran ciniki na tsakar kasuwa daban, magana a waya daban. Muryar da ta yi ƙasa muna iya ɗaga ta da na'ura, amma wadda ta fashe saboda ƙarfi babu injiniyan da zai ɗinke ta.

Wani kuskuren da ke yawan zo mana shi ne danna alamar saƙon murya ta WhatsApp a yi tallan a nan. WhatsApp yakan matse sauti don ya yi saurin tafiya. A ɗauka da na'urar ɗaukar murya ta cikin wayar, sannan a aiko shi a matsayin fayil, ko a kawo a katin memori.

Maganar kanta kada ta wuce daƙiƙa 30 zuwa 40. Sunan kaya, inda rumfa take, ranar kasuwa, sannan a maimaita wurin a ƙarshe. Ni dai ba na ba da shawarar a faɗi farashi a tallan da za a daɗe ana sawa, don tiyar gero ko kwalbar mai ba ta zama wuri guda daga kaka zuwa bazara, mai saye kuma zai zo ya riƙe ki da abin da ya ji a rediyo.

Yaran da ke haɗa kiɗa a kwamfuta da FL Studio, ko a waya da BandLab, sukan so su cika tallan da kiɗa har ya danne murya. Ki ce a sassauta shi ya koma ƙasa sosai. Waƙar wani mawaƙi kuma da aka ciro daga waya tana da mai ita, akwai hukumar BNDA da ke kula da haƙƙin mawaƙa a Nijar, gara yaron ya buga nasa.

Hajiyar Rumbu ta sake ɗauka a ɗakin surukarta da wannan ƙaramar wayar, sau uku, muka zaɓi na biyu. Zakara ɗaya ya shiga a ƙarshe, muka bar shi.